Yadda Za a Shirya wa Ɗalibai Ziyarar Gidan Ɗan Hausa

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano shi ne tsohon mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar a shekarar 1909, kuma yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Malamin da ke son kai ɗalibansa sai ya bi waɗannan matakai.

Da farko, ya rubuta wa hukumar takardar neman izini, ya bayyana ranar zuwa da adadin yaran, sannan ya tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa.

Bayan haka, ya nemi amincewar iyaye a rubuce.

Kafin ranar, ya ba yaran tarihin gidan a aji, domin yaron da ya san dalilin da ya sa aka yi wa Vischer laƙabin Ɗan Hausa ya fi sauraron mai yi musu bayani da kunnen basira.

Idan an isa, a raba su rukuni-rukuni, kada su wuce goma, saboda ɗakunan ba su da faɗi. A ja musu kunne kada su taɓa bango ko su jingina da shi, tunda ginin ƙasa ne. A ganina nan ya kamata a fi daɗewa: su ɗaga kai su ga yadda magina suka jera azara, suka tayar da bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka, ya riƙe rufin.

Daga ƙarshe, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma ƙirga yaran kafin mota ta tashi.