Yadda Nake Ɗaura Kujerar Jariri a Mota

Ranar da na fara ɗaura wa 'yata kujerarta, ina jin bel ya kama sai na ɗauka an gama. Da na girgiza ta, sai ga ta tana lilo. Gabana ya faɗi, na kwance na sake.

A kujerar baya za ka ajiye ta, jaririn yana fuskantar bayan mota. Don Allah kada ka sa ta haka a gaba inda akwai jakar iska, wato jakar da ke kumbura nan take idan an yi haɗari. In jakar ta buɗe, bayan kujerar take duka da ƙarfi, daidai inda kan yaro yake.

Zura hannu tsakanin mazauni da majingina. Idan motar na da ISOFIX, wato wurin maƙala kujerar jariri da aka ƙera a jikin mota, za ka taɓa ƙarafa biyu. Tura maƙalan kujerar har su kama. In babu, bi da bel ta hanyar da littafin kujerar ya nuna, ka danne ta da nauyinka, ka janye duk sauran bel ɗin, ka kulle.

Sai gwaji, wanda ba na tsallakewa. Kama kujerar daidai inda bel ya bi, ka ja hagu da dama. In ta motsa fiye da santimita 2.5, sake ɗaurawa. Duba kishingiɗarta kuma, don kada kan jariri ya faɗo gaba ya takure masa numfashi.

Cire masa rigar sanyi mai kauri kafin ka zaunar da shi. Igiyoyin kujerar da ke riƙe shi su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, ka ja su har yatsunka biyu su kasa tsunkulo su.