Yadda Ake Yin Donat Mai Rufin Sukari Irin Na Manyan Shaguna A Gida

Uwargida, idan kin taɓa cin donat ɗin Krispy Kreme, kamfanin Amurka mai shagunan donat, da ɗuminsa, kin san ba ɗaya suke da wanda ake jerawa cikin akwatin gilashi a bakin titi ba. Na shagon kafin ki gama taunawa ya narke a baki, rufin sukarinsa siriri ne mai sheƙi, haƙori na taɓa shi ya ɗan tsage. Na bakin titi kuwa galibi nauyi gare shi, ya sha mai, ga shi ya kwana. Mutane da dama na ɗauka akwai wani sinadari na ɓoye da ke kawo wannan bambanci. Gaskiya ne kamfanin ba ya bayyana haɗinsa, amma abin da ke sa mutane bin layi a fili yake: kwaɓi mai laushi da ya tashi sau biyu, mai da zafinsa ya daidaita, sannan a ci tun bai huce ba.

Tarihin kamfanin ma haka ya nuna. A shekarar 1937 Vernon Rudolph ya fara soya donat a garin Winston-Salem da ke jihar North Carolina a Amurka, yana kai wa masu kantuna sari. Ƙamshin suyar ne ya riƙa tsayar da masu wucewa suna tambaya ko za a sayar musu da mai zafi, har ya huda bangon ginin ya yi taga yana miƙo musu. A 1992 kamfanin ya fito da jar fitilar nan da ake kunnawa a jikin shago idan ana tsaka da suya, don na kan hanya ya san yanzu aka kwashe. A 2018 suka buɗe shagonsu na farko a Najeriya, a Legas. Kwalin da aka ɗauko daga can a jirgi aka kawo miki tsaraba ya riga ya rasa rabin abin da ya sa ake sonsa. A nan kika fi su, domin tsakanin kaskonki da bakin yaranki babu tafiya.

Kayan haɗi

Wannan awon zai ba ki guda 12 zuwa 15, gwargwadon girman abin da kika yanka da shi.

Na kwaɓi:
- Fulawa giram 500, wajen kofi 4
- Yis mai saurin tashi, cokalin shayi 2 da ɗan ɗoriya
- Sukari cokalin cin abinci 5
- Madara mai ɗumi kofi 1, wajen mililita 240
- Ƙwai 2
- Bata giram 60, wanda ya yi laushi
- Gishiri cokalin shayi 1
- Gyaɗar ƙamshi da aka goge, rabin cokalin shayi
- Man suya mai yawa

Na rufi:
- Garin sukari mai laushi, wanda ake kwalliyar kek da shi, giram 300
- Madara ko ruwan zafi cokali 5 zuwa 6
- Bata da aka narkar cokali 1
- Filebo na banila cokalin shayi 1
- Ɗan gishiri kaɗan

Idan madarar gari gare ki, ki dama cokali 3 a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Kada ki ga sukarin kwaɓin ya yi kaɗan ki ce bari ki ƙara. Zaƙin donat irin wannan daga rufinsa yake fitowa, kuma sukari mai yawa a kwaɓi yana hana yis saurin aiki, yana sa bayan donat ya ƙone a mai cikinsa bai dahu ba.

Mataki na farko: tada yis

Ki zuba yis da cokali ɗaya na sukarin a cikin madarar, ki juya, ki ajiye minti 5 zuwa 10. Ɗumin madarar ya zama wanda za ki iya barin yatsa a ciki ba tare da kin ji zafi ba, domin ruwa mai zafi sosai kashe yis yake. Idan kin ga kumfa ta taso a sama, yis ɗinki na da rai. Idan shiru, ki zubar ki nemi wani. Yis ɗin da ake ƙullawa a leda a kasuwa sau da yawa ya daɗe a buɗe, gara ki gano haka yanzu da ki yi asarar fulawa da ƙwai.

Mataki na biyu: kwaɓi da murzawa

A nan aikin yake, kuma a nan yawancin mata ke ɓata donat ɗinsu da hannunsu.

Ki tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, ki zuba sauran sukarin da gishiri da gyaɗar ƙamshi. Ki fasa ƙwai, ki juye madarar mai yis, ki haɗa har garin ya ɓace. Batan ki bar shi tukuna. Ki murza kamar minti 5, sannan ki riƙa sa shi kaɗan-kaɗan kina ci gaba da murzawa. Dalili shi ne maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana ta yin danƙon da zai riƙe iska, don haka ake barin danƙon ya fara samuwa kafin a kawo shi.

Kwaɓin zai manne miki a hannu, zai yi kamar ya ɓaci. Zuciyarki za ta ce ki ƙara fulawa. Ki daure. Duk cokalin fulawar da kika ƙara, laushin donat ɗin kike ragewa. Ki shafa ɗan mai a tafin hannu da kan tebur, ki ci gaba: ki tura da gindin tafin hannu, ki ninko, ki juya, ki sake turawa. Bayan minti 12 zuwa 15 za ki ga ya daina kama hannu da kansa, ya yi sumul, ya yi laushi kamar fatar kunne. Ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali tsakanin yatsunki. Idan ya miƙe ya yi siriri har kina ganin haske ta cikinsa bai yage ba, ya isa. Idan yana tsinkewa nan da nan, da saura.

Wannan kwaɓin ya fi na fanke ƙarfi, domin shi ana murza shi a yanka, amma bai kai na cincin tauri ba ko kusa. Mai injin kwaɓi za ta gama cikin minti 8 zuwa 10.

Mataki na uku: tashin farko

Ki shafa wa roba mai, ki sa kwaɓin, ki rufe da leda ko murfi, ki ajiye inda babu iska har ya ninka girmansa. Kwaɓin za ki duba, agogo ba zai faɗa miki gaskiya ba. A watannin zafi, Maris da Afrilu, minti 45 ma kan isa. Da hunturu kuwa yana iya haura awa ɗaya da rabi, kuma busasshiyar iskar lokacin tana sa samansa yin ɓawo, sai ki rufe da kyau ki ajiye kusa da murhu ko cikin ɗakin da ke da ɗumi.

Mai son soyawa da sassafe tana iya kwaɓawa da dare ta sa a firji, in dai akwai tabbacin wuta. Tashin sanyi na ƙara masa ɗanɗano, kuma kwaɓi mai sanyi ya fi daɗin yanka.

Mataki na huɗu: yanka

Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki danne kwaɓin iskar ta fita, ki murza shi da abin murji har kaurinsa ya kai kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki yanka da bakin kofi mai faɗi, ki huda tsakiya da murfin robar ruwa. Ki danna kai tsaye ki ɗaga, kada ki riƙa murɗa kofin, domin murɗawa na liƙe gefen ya hana shi tashi daidai. Ramin tsakiyar yana da amfaninsa: ta nan mai ke ratsawa, sai ciki da waje su dahu tare.

Ƙananan da kika cire daga tsakiya ki soya su su ma, yara sun fi rububinsu. Ragowar gefe ki dunƙule, ki bar shi ya huta minti 10 kafin ki sake murzawa.

Mataki na biyar: tashi na biyu

Wannan ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ya raba donat ɗin shago da na gida. A shagunan Krispy Kreme da ake suya a gaban jama'a, za ki ga zoben kwaɓin suna hawa da sauka a cikin wani akwatin gilashi mai ɗumi da laima kafin su faɗa mai. Tashi na biyu ke nan suke yi.

Ki yanka takardar gashin kek ƙanana-ƙanana, ki ɗora kowane zobe a kan tasa takardar, ki jera a tire da tazara, ki rufe da kyalle mai tsabta mara nauyi. Ki ba su minti 30 zuwa 45. Ki ɗan danna gefen ɗaya da yatsa: idan wurin ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, sun yi. Idan ya dawo nan take, ki ƙara musu lokaci. Idan ya lotsa bai dawo ba, sun wuce, za su sha mai, ki hanzarta soyawa.

Amfanin takardar shi ne ba sai kin ɗauki kwaɓin da hannu ba. Zoben da ya tashi cike yake da iska, yatsa biyu sun isa su fitar masa da iskar.

Mataki na shida: suya

Kafin ki ɗora mai, ki haɗa rufin ki ajiye kusa. Ki tankaɗe garin sukarin, ki zuba bata da filebo da ɗan gishirin, ki riƙa ƙara madara cokali-cokali kina juyawa har ya yi ruwa-ruwa, yana zuba daga cokali ba yankewa amma yana barin farin shafi a bayansa. Gishirin nan kada ki raina shi, shi ke hana zaƙin gundura. Idan ba ki samu garin sukari ba, ki niƙa na gida a bilenda busasshiya har ya zama gari, ki tankaɗe da rariya mai laushi. Zai yi, ko da yake ba zai kai na kanti santsi ba.

Ki zuba mai a tukunya mai kauri, zurfinsa ya kai aƙalla santimita 5, yadda donat zai yi iyo bai taɓa ƙasa ba. Man da ba shi da ƙamshi mai ƙarfi ya fi dacewa. Wanda kika soya kifi ko kaza da shi kuwa kada ma ki fara.

Zafin da ake so shi ne digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyas. Idan ba ki da ma'auni, ki jefa ɗaya daga ƙananan nan na tsakiya. Ya kamata ya taso sama cikin daƙiƙu kaɗan, kumfa na fita a gefensa, ya yi ja mai haske cikin kusan minti ɗaya. Idan ya nutse ya zauna, man bai yi zafi ba. Idan ya yi duhu nan take ko man na hayaƙi, ki rage wuta ki jira. Mai amfani da gawayi ta janye garwashin gefe, domin wutarsa ba ta raguwa da murɗa maɓalli irin ta gas.

Ki sa donat ɗin a man da takardarsu, guda biyu ko uku kawai, takardar za ta saki da kanta ki zare ta. Kowane gefe minti ɗaya ko ɗan fiye. Ki juya sau ɗaya tak, da tsinken tsire ko matsami. Launin da kike nema ruwan zuma ne mai haske. Idan kin ga farin layi ya zagaye tsakiyar donat ɗin, tsakanin gefen sama da na ƙasa, ki yi murna: alama ce ya tashi yadda ya kamata, rashin nauyinsa ya sa ya yi iyo a saman mai. Tsakanin kowace kwasa ki ɗan jira man ya dawo da zafinsa.

Mataki na bakwai: rufi

A shago, donat na fitowa daga mai sai ya bi ta ƙarƙashin rufin da ke kwararowa ba tsayawa, ya lulluɓe shi da zafinsa. Ke ma haka za ki yi da hannu. Ki tsane shi a kwando minti ɗaya ko biyu, sannan ki tsoma shi a rufin, ki juya, ki ɗaga ki ɗora a kan raga da tire a ƙarƙashi. Zafin donat ɗin ne ke narkar da rufin ya bazu siriri ya yi sheƙi. Idan kin bari ya huce, rufin zai zauna da kauri ya yi fari fat. Idan kuma kin tsoma yana ɗigar mai, zai zame ya bar shi tsirara. Shi ya sa na fi son a yi aikin mutum biyu, ɗaya na suya ɗaya na tsomawa.

Cikin minti 10 rufin zai kama, donat ɗin kuma da sauran ɗuminsa. Lokacin cinsa ke nan, da shayi mara sukari ko kofi, domin zaƙin da ke jikinsa ya wadatar.

Wanda ya rage kada ki sa a firji, sanyi na busar da shi. Kada kuma ki ƙulle shi a leda, gumi zai narkar da rufin ya koma ruwa. Ki sa a kwali ko roba da murfi a ɗan buɗe. Washegari ki ɗumama shi daƙiƙa 8 a na'urar ɗumama abinci, kamar yadda Krispy Kreme ke shawartar masu saye, ko ki sa a kasko mai murfi a kan wuta kaɗan. Idan kuma sana'a kike son yi da shi, ki karɓi odar mutane tun da dare, ki soya da safe, ki aika kafin azahar, a kwali mai faɗi da za su kwanta ɗaya-ɗaya ba a ɗora wani kan wani ba.