Kiret Ɗin Ƙwai da Kashin Tumatir: Lambobin da Ke Raba Lamba Ba Saura

Ku dubi kiret ɗin ƙwai a shagon mai shayi, ko a Gangare ko a Unguwar Rogo. Ƙwai 30 yake ci, amma ba mai tsayawa ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Layi 5 ne, kowane layi ƙwai 6, shi ke nan. Wato 5 sau 6 ya ba da 30. In kuka raba 30 gida 5 za ku sami 6, in kuka raba gida 6 za ku sami 5, ba abin da zai rage.

Duk lambar da ta raba wata lamba cif, ba saura, ita ce 'ya'yanmu na firamare ke kira fakta. Kuma ba ta tafiya ita kaɗai, kullum da abokiyarta. Shi ya sa ya fi sauƙi a neme su bibbiyu.

A fara daga 1, a bi a hankali. 1 da 30. 2 da 15. 3 da 10. To, 4 fa? 4 sau 7, 28 ke nan, ƙwai 2 sun yi saura, don haka 4 ba ta ciki. Sai 5 da 6. Da kun zo kan 6 za ku ga abokiyarta 5 ce, wadda kuka riga kuka rubuta. Nan ake tsayawa, don in an ci gaba maimaici ne kawai. Lambobin da ke raba 30 guda 8 ke nan: 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15, 30.

Mai kasa tumatir a kasuwar Farin Gada ta san wannan lissafi tun kafin ta riƙe fensir. A ce tumatir 36 ne a farantinta. Tana iya kasa uku-uku ta sami kashi 12, ko huɗu-huɗu ta sami kashi 9. In ta ce biyar-biyar, kashi 7 za ta samu, guda 1 ya rage, ƙarshenta ya tafi a gyara. In kuma shida-shida ne, kashi 6: a nan 6 ta zama abokiyar kanta, kuma sau ɗaya ake rubuta ta. Masu koyo da yawa kan rubuta ta sau biyu, su ce 36 tana da fakta guda 10, alhali 9 ne.

Akwai dabarun rage wahala. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, 2 na raba ta. Wadda ta ƙare da 0 ko 5, 5 na raba ta. Dabarar 3 ta fi daɗi: ku haɗa alƙaluman lambar, kamar 48, 4 da 8 sun ba da 12, tunda 3 ta raba 12, to za ta raba 48.

Wata lambar kuwa taurin kai gare ta. In ƙwai ɗaya ya fashe a hanya, saura 29, ko yaya kuka jera ba za su yi layuka daidai ba, sai dai layi guda mai 29.

Aikin gida: ku ɗebo ƙwayar masara 24, ku jera su layi-layi ta kowace hanya da za ta fita ba saura, ku rubuta abokan a littafinku. Bayan nan ku gwada 60, adadin mintocin da ke cikin awa ɗaya.