Kurakuran da sababbin masu aiki da EMF ba sa gajiya da maimaitawa

Duk sabon ma'aikacin da aka nuna wa EMF, wato Eclipse Modeling Framework, kayan aikin manhajar Eclipse da ke fitar da kod ɗin Java daga samfurin bayanai, a rana ta farko sai ka ga idonsa ya buɗe. Ya zana aji (class) uku ko huɗu a fayil ɗin Ecore, inda ake tsara samfurin, ya danna Generate All, sai ga kod ɗin Java ya cika folda, har da edita mai rassa kamar bishiya da zai buɗe ya shigar da bayanai. Murnar ba ta wuce mako biyu. Daga nan sai a fara sallama a teburina da tambayoyin da na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta su wuri ɗaya.

Ga wanda bai saba ba, fayil biyu ne ke riƙe da komai. Na .ecore shi ne samfurin bayanai: azuzuwa, siffofinsu da alaƙar da ke tsakaninsu. Na .genmodel kuma umarni ne ga janareta, wato manhajar da ke fitar da kod: inda zai zuba kod da sunan da zai ba shi. Daga waɗannan biyu ake fitar da kod ɗin samfuri, da na edit, da na editor, da na gwaji.

Kuskure na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne gyara kod ɗin da janareta ya fitar da hannu a bar shi haka. A saman kowane metod da ya rubuta akwai alamar @generated. Ma'anarta a fili take: wannan nawa ne, in na dawo zan goge in sake rubutawa. Ni ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da jiki ya gaya mini. Muna da metod da ke dawo da jimillar kuɗin wani aiki, na shiga ciki na rubuta lissafin da ke tattara kuɗin kowane ƙaramin sashe, na gwada, ya yi daidai, na tura Git. Bayan kwanaki wani abokin aiki ya ƙara siffa ɗaya tak a samfurin, ya sake kunna janareta. Lissafina ya tafi, metod ya koma layi ɗaya mai dawo da abin da ke ajiye, wato sifili. Babu jan layi, babu gargaɗi, kod ya haɗu lafiya lau. Fayilolin da suka canza a turawar nan suna da yawa, ba wanda ya tsaya karantawa. Mako uku rahotanni na fita da sifili kafin mai amfani da manhajar ya kira yana faɗa. Da ma a ce abin ya fashe ne a take, da sauƙi. Shirun nan shi ne masifar.

Maganin kalma ɗaya ce: ka mai da alamar @generated NOT, janareta zai tsallake wurin. Wasu goge alamar suke yi gaba ɗaya, hakan ma yana aiki, amma ni ba na yi, domin da NOT ina iya bincikawa in ga duk inda hannu ya taɓa cikin minti ɗaya. Sai dai ka sani, daga ranar da ka sa NOT, metod ɗin ya zama marayan da kai za ka rena. Samfuri zai canza, shi yana nan yadda ka bar shi. Saboda haka in ina son ƙari ne kawai a kan abin da janareta ya rubuta, sai in ƙara Gen a ƙarshen sunan metod ɗinsa, in bar masa alamarsa, in rubuta nawa da asalin sunan yana kiran wancan. Janareta ya san wannan dabara, zai ci gaba da sabunta mai Gen ɗin. Kuma tun daga wancan abin kunya, turawar da ke ɗauke da kod ɗin janareta daban nake yin ta, ba na cakuɗa ta da aikin hannu. 

Na biyu shi ne rashin bambance mallaka da nuni. A Ecore, alaƙa tana iya zama containment, wato wannan abu yana cikin wancan, ko kuma nuni kawai zuwa abin da ke zaune wani wuri. Ƙa'idar EMF ita ce abu ɗaya mai gida ɗaya gare shi. Ɗauki misalin kamfani: Sashe yana da ma'aikata, Aiki ma yana da ma'aikata. Sabon shiga sai ya sa containment a duka biyun, wai ai duka "suna da" ma'aikata. Da ya sa ma'aikaci a jerin Aiki, sai ma'aikacin ya ɓace daga Sashe, ba tare da an ce uffan ba. Sai ya zo yana rantsuwa EMF na cinye masa bayanai. Ba ya cinye komai, abin da ka umarce shi ya yi. Na taɓa kwana ina farautar wannan ɓata, ina zargin kowa da komai, ashe akwatin da na danna da hannuna ne. In kuma kana zagaya jerin farko kana kwashewa zuwa na biyu a lokaci guda, ConcurrentModificationException na jiranka, domin jerin yana raguwa a ƙarƙashin ƙafarka.

Akasin haka ma ana yi: a ƙirƙiri abu, a nuna shi, amma ba a ba shi gida ba. Wajen ajiyewa sai DanglingHREFException ta fito tana cewa abin ba ya cikin kowace ma'ajiya. Don Allah ku daina neman hanyar toshe bakin wannan saƙo. Akwai zaɓin da zai sa ya yi shiru, amma nunin zai zube a hanya, bayananku su tafi. Ni kafin in ja layi tsakanin aji biyu, tambaya ɗaya nake yi: in na goge wannan, wancan ya kamata ya bi shi? In e, mallaka ce. In a'a, nuni ne. In da gaske kwafi biyu nake so, EcoreUtil.copy na nan.

Akwai wani da ba ya nuna kansa sai an daɗe. In ba ka ba aji siffar ID ba, XMI, tsarin fayil ɗin da EMF ke ajiye bayanai a ciki, da matsayi yake nuna abu, irin //@sassa.2/@maaikata.5, wato na shida a sashe na uku tunda daga sifili ake ƙirga. A cikin fayil ɗaya ba matsala. Amma in wani fayil ne ke nuni zuwa nan, aka cusa sabon ma'aikaci a tsakiyar jeri, nunin zai faɗa kan mutumin da ba shi ba, kuma fayil zai buɗe kamar ba abin da ya faru. Ni tun ranar farko nake sa ID ko in kunna UUID, wato lambar shaida ta musamman ga kowane abu.

Sauran ƙanana ne. Ka canza .ecore ka manta ka sake loda .genmodel, sai ka yi ta mamakin inda sabon ajinka ya shiga. Ka goge aji a samfuri, tsofaffin fayilolinsa na Java na nan, janareta ba ya share su, kai za ka share. Ka nemi setter na siffa mai jeri ka rasa: babu shi, get za ka kira ka yi add. Ka gudanar da kod a wajen Eclipse ba ka yi rajistar kunshin samfurin (package) ba, PackageNotFoundException. Ka canza sunan siffa alhali mutane na da tsofaffin fayiloli, FeatureNotFoundException. 

Editan da janareta ke fitarwa kuma, kada ka miƙa shi ga mai amfani ka ce an gama. Na gwaji ne, don ka ga ko samfurinka na da hankali. Ka buɗe shi tun a sa'ar farko ka shigar da bayanai na gaske guda ashirin. In ka ji kana kokawa da menu kafin ka sa abu inda ya dace, koma .ecore ka gyara, tun babu fayil ɗin kowa da ya dogara da shi.