Yadda ake gane halin babbar lamba da biro da takarda

Babbar lamba ba ta bayyana halinta sai an warware ta zuwa lambobin firam, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Mu ɗauki 399,564.

Fara da wutsiyarta. Ta ƙare da 4, saboda haka cika ce, ba mara ba, kuma 5 ba ta raba ta. Alƙaluma biyu na ƙarshe, 64, suna rabuwa da 4, to ita ma haka. Na uku na ƙarshe kuwa, 564, in an raba da 8 ana samun ragowar 4, don haka 8 ba ta raba ta.

Sai ka tara alƙaluman: 3+9+9+5+6+4 ya ba da 36, wanda 9 ke rabawa. Wannan dabara ta 3 da 9 ce kaɗai. Kada ka gwada ta a kan 7. Ita 11, daga dama ake farawa, a ɗebe a ƙara bi da bi: 4-6+5-9+9-3 ya tashi sifiri, alamar tana rabuwa.

Yanzu ka yi ta rabawa. Da 4 ka sami 99,891, da 9 ka sami 11,099, da 11 ka sami 1,009. Nan ne aikin yake. Ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da 1,009 ba: 32 sau 32 ya kai 1,024, ya riga ya wuce ta, don haka a 31 za ka tsaya. Gwada lambobin firam 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29 da 31, kowace tana barin ragowa. To 1,009 firam ce, lambarmu kuma ita ce 2×2×3×3×11×1,009.

Daga nan sauran na zuwa a sauƙaƙe. Ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowace firam, ka ninka: 3×3×2×2, wato lambobi 36 ne ke raba ta. In aka tara su ban da ita kanta, ana samun 703,356. Tunda ya zarce ta, mai yalwa ce. Da ya yi daidai da ita, kamar a 6 da 28, da cikakkiya za a kira ta.

Wuri biyu ake yawan zamewa. Na farko, 4 da 6 duk suna raba ta, amma 24 ba ta raba ta, domin 4 da 6 sun yi tarayya a kan 2. Na biyu ya fi yaudara: ta ƙare da 4, jimlar alƙalumanta 36, sai ta yi kama da lambar da aka ninka wata da kanta. Ba haka ba ne. 632 sau 632 ya ba da 399,424, 633 sau 633 ya ba da 400,689, ita kuwa tana tsakani. Dalili shi ne 11 da 1,009 sau ɗai-ɗai suka fito, ba su da abokan haɗi.