Yadda Za Ka Auna Ɗan Tseren Keke Kafin Ka Shiga Gardamar Wa Ya Fi Wa

Daga shekarar 2020 zuwa 2025, mutum biyu kacal suka ci gasar Tour de France, wadda ita ce mafi girma a tseren keke na kan titi. Tadej Pogacar na ƙasar Sulobeniya ya ci a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, Jonas Vingegaard na Denmak kuma ya ci a 2022 da 2023. Magoya bayansu suna ta musu a kan wanda ya fi, kuma yawancin musun yana ɓacewa ne saboda ana cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Na farko shi ne ganiya, wato ƙarfin da ɗan tsere yake da shi a cikin 'yan makonni, wanda yake hawa yana sauka. Na biyu shi ne mamaye fage, wanda ba a gane shi sai an tara shekaru da gasanni iri-iri. Duk wanda yake so a saurari maganarsa, sai ya fara tantance wanne daga ciki yake nufi.

Abin da za ka fara dubawa shi ne irin gasar da ake magana a kanta. Manyan gasanni uku, na Faransa da Italiya da Sifaniya, kowace tana ɗaukar mako uku da zango 21, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara, ko da bai ci zango ko ɗaya ba. Akwai kuma gasannin yini ɗaya, waɗanda biyar daga cikinsu suka fi daraja: Milan-San Remo da Tour of Flanders da Paris-Roubaix da Liege-Bastogne-Liege da Il Lombardia. Jikin da yake hawa tsauni na minti 40 daban yake da jikin da yake jure girgizar hanyar duwatsu ta Roubaix, don haka kwatanta Vingegaard da Mathieu van der Poel na Holan, gwanin gasannin yini ɗaya, ɓata lokaci ne. Haka ma Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga ta mafi yawan maki a Tour ta 2024, ba a auna shi da matsayinsa a jimillar lokaci, domin aikinsa gudun ƙarshe ne a bakin layi.

Daga nan sai ka koma baya ka ga yadda ɗan tseren ya yi watanni ukun da suka gabaci gasar, kuma a nan ne magoya baya suka fi yin son kai. A watan Afrilun 2023 Pogacar ya faɗi a gasar Liege ya karye a wuyan hannu, shirinsa ya tsinke, a watan Yuli kuma Vingegaard ya doke shi da ratar minti 7 da daƙiƙa 29. A watan Afrilun 2024 sai abin ya juya: Vingegaard ya yi mummunar faɗuwa a gasar yankin Basque na Sifaniya, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya taɓu, ya kwanta asibiti, bai sake yin wata gasa ba sai Tour, inda Pogacar ya ba shi ratar minti 6 da daƙiƙa 17. Mai goyon bayan Pogacar yakan tuna karayar 2023 ya manta da ta 2024, mai goyon bayan Vingegaard kuma ya yi akasin haka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan ka karɓi uzuri ga gwaninka, dole ne ka karɓe shi ga abokin hamayyarsa. A ganina, shekarun 2022 da 2025 su ne ma'auni mafi adalci tsakaninsu, domin a cikinsu babu wanda ya iso gasar da irin wannan rauni, kuma kowa ya ci ɗaya. A 2022 Vingegaard ya yi nasara da minti 2 da daƙiƙa 43, a 2025 Pogacar ya rama da minti 4 da daƙiƙa 24.

Kada kuma ka tsaya a kan jimillar ratar, ka bincika inda aka samo ta. Wanda ya ga minti 7 na 2023 zai ɗauka Vingegaard ya ci karensa babu babbaka tun daga farko, alhali bayan zango na 15 daƙiƙa 10 ce kawai tsakaninsu. A zango na 16, tseren da kowa yake fita shi kaɗai ana auna lokacinsa, Vingegaard ya ƙara minti 1 da daƙiƙa 38, washegari kuma ƙarfin Pogacar ya ƙare a tsaunin Col de la Loze, ya rasa kusan minti 6 a yini ɗaya. Wannan yana nuna cewa mako biyu suna kafaɗa da kafaɗa, a mako na uku ne wanda shirinsa bai cika ba ya gaza. Ratar da aka tara kaɗan-kaɗan a tsaunuka huɗu ko biyar ta fi nuna fifiko a kan wadda ta fito daga mummunan yini guda, domin yini guda yana iya lalacewa saboda zafin rana ko ciwon ciki ko rashin cin abinci a kan lokaci. Mako na uku ne yake raba gwanayen wannan irin gasa, domin yawancin manyan 'yan tsere suna iya yin ƙarfi a rana ɗaya, amma kaɗan ne jikinsu yake wartsakewa kowane dare har tsawon kwana 20.

Bayan haka ka dubi ƙungiya. Kowace ƙungiya tana zuwa Tour da mutum 8, kuma yawancinsu aikinsu shi ne su tare wa jagoransu iska, su ɗauko masa ruwa, su gajiyar da abokan hamayyarsa. Wanda yake bin bayan wani a shimfiɗaɗɗiyar hanya yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. A zango na 11 na 2022, Vingegaard da abokin ƙungiyarsa Primoz Roglic sun riƙa kai wa Pogacar farmaki bi da bi a hanyar tsaunin Galibier, shi kuma yana bin kowannensu, a lokacin da cutar korona ta riga ta fitar da biyu daga cikin mataimakansa. Da suka isa tsaunin Granon sai ya rasa kusan minti 3, ya rasa riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wanda ya ba da labarin wannan rana bai ambaci Roglic ba ya bar rabin labarin.

Gasannin share fage na watan Yuni suna yaudarar mutane da yawa, domin 'yan tsere sukan zo su ne kai tsaye daga atisaye a wurare masu tudu kamar Sierra Nevada ta Sifaniya, da gajiya a ƙafafunsu. A gasar Dauphine ta 2025 Vingegaard ya fi Pogacar sauri a tseren auna lokaci, aka yi ta cewa ganiyar Pogacar ta wuce, amma a kwanakin da suka biyo baya ya ci zangunan tsauni biyu ya ɗauke gasar, a Tour kuma ya fi Vingegaard da fiye da minti ɗaya a irin wannan tsere a birnin Caen.

Akwai kuma alƙaluman da ake yawo da su a intanet, na yawan wat (ma'aunin ƙarfi) da ɗan tsere yake fitarwa a kan kowane kilo na nauyinsa. Ka sani cewa mafi yawansu ƙiyasi ne da ake yi daga tsawon hawa da lokacin da aka ɗauka, kuma iska da santsin kwalta da yawan tazarar da aka yi a bayan wani duk suna canza sakamakon. A 2024 Pogacar ya hau tsaunin Plateau de Beille da saurin da ya fi na Marco Pantani na 1998 da fiye da minti 3, kuma nan take zancen ƙwayoyin ƙara kuzari ya taso. Zargin yana da tushe a tarihin wasan, tun da a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarori bakwai na Tour da ya samu daga 1999 zuwa 2005. Amma sauri shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kekuna da tayoyi da tufafi da tsarin cin abinci a kan keke duk sun canza sosai a cikin shekaru 26. Idan za ka zargi wani, ka kawo sakamakon gwaji ko hukuncin hukuma.

Sai bayan duk wannan za ka iya maganar mamaye fage, kuma ma'auninta shi ne faɗin abin da mutum ya ci. A 2024 Pogacar ya ci gasar Italiya da ratar kusan minti 10, ya ci Tour, ya ci gasar duniya a Zurich, abin da a cikin maza Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 kaɗai suka taɓa yi a shekara guda. A 2025 ya sake cin gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko da aka yi ta a Afirka, ya kuma ci Il Lombardia sau biyar a jere. A wannan ma'auni Vingegaard, wanda manyan nasarorinsa na gasannin zango-zango ne har da ta Sifaniya a 2025, bai kama ƙafar Pogacar ba, ko da yake ya doke shi sau biyu a gasar da ta fi kowace muhimmanci. Idan gardamar ta kai ga Merckx ɗan Beljiyam, ka riƙe alƙalumansa: manyan gasanni 11, gasannin yini ɗaya masu daraja 19, da kambun duniya sau 3 a matsayin ƙwararre. Ka kuma sa a lissafi cewa a zamaninsa yawancin abokan karawarsa daga ƙasashe ƙalilan na yammacin Turai suka fito, alhali yau ana zuwa daga Kolambiya da Ostareliya da Amurka da gabashin Afirka.