Shawara ga masu son koyon fiyano

Salamu alaikum ƴan uwa, na ga ana ta tambayar wane irin fiyano ya kamata mutum ya saya kafin ya fara zuwa wajen malami. Gaskiya kar ka wahalar da aljihunka wajen neman babban nan mai maɓalli 88, ƙaramin kibod na Yamaha ko Casio mai 61 ya ishe ka farawa, amma dai ka duba wanda in ka danna da ƙarfi sautin ya ƙaru, in ka taɓa a hankali ya sauka. In yana cin batir ma ya fi, kun san halin wuta.

Abin da malamina ya fara nuna min, baƙaƙen maɓallan nan a jere suke bibbiyu da uku-uku, farin da ke dab da hagun kowane biyun shi ne mai sautin da ake kira C, daga nan kake gane sauran. Ka yanke farce, ka lanƙwasa yatsu kamar ka riƙe lemo. Ni wata guda cur na yi ina bugawa da yatsu a miƙe, wuyan hannuna har tsami yake da dare.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Hannun dama daban, hagu daban, a hankali kamar tafiyar hawainiya, sai kowanne ya zauna sannan ka haɗa su.